Littattafai biyar na karanta a wata ɗaya, me ya sa ɗaya kawai ya zauna mini?

"Assalamu alaikum Mushe, ina wuni, ina gajiya. Ni ɗaliba ce a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ina zaune a unguwar Zariya nan Maraɗi. A bakansin da ya wuce, wato hutun makaranta, na ɗaura niyyar karatu, cikin wata guda na karanta littattafai biyar: wani labarin soyayya na Hausa a waya, da Sarraounia na Faransanci, da wani ɗan littafin tarihin Katsina da Maraɗi, da kundin rubutattun waƙoƙin Hausa, da fassarar Ahalari. Na soyayyar a kwana biyu na cinye shi, har yau ina tuna komai. Sarraounia ya burge ni ƙwarai, na ce ashe haka tarihinmu yake. Na tarihin kuwa sunayen sarakunan duk sun tsere mini. Waƙoƙin barci suka riƙa sa ni. Ahalari a kwana uku na gama, amma na fito da ruɗu a kan ƙabli da ba'adi fiye da yadda na shiga. Shin haɗa su da na yi ne kuskure? In tsaya ga iri ɗaya, ko dai kaina ne ba ya riƙo?"

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Lafiya lau, gajiya ta bi lafiya. Allah ya yi miki albarka, ya ƙara basira. Na yi shekaru ina koyar da Faransanci, daga baya aka damƙa mini makullin ɗakin karatu na makarantarmu, na riƙe shi har na ajiye aiki. A duk tsawon wannan lokaci, yaran da ke zuwa mini da irin kukanki su na fi sa wa rai, don wanda bai buɗe littafi ba ai ba ya kukan mantuwa.

In na fahimce ki, abu biyu kike tambaya. Na farko, ko cuɗa littattafai iri-iri a wata ɗaya ne ya dagula miki lissafi. Na biyu, wanda kika sakaya a ƙarshe, kuma na san shi ya fi ci miki rai, ko ƙwaƙwalwarki ce ba ta riƙo. Bari in fara kwantar miki da hankali a kan na biyun. Wadda ta riƙe dogon labari daga farko har ƙarshe, da sunan kowace kishiya da abin da ta faɗa wa uwar miji, ba ta da ciwon mantuwa. Na farkon ma ba shi ba ne. Abin da na gani a saƙonki shi ne, littattafai biyar kika ɗauka amma tafiya ɗaya kika yi musu duka, tafiyar da na soyayyar ya saba miki da ita: ido a shafi, baki a rufe, ana sauri a ga abin da zai faru gaba. Wannan tafiya ta karɓi ɗaya, ta ɗan karɓi na biyu, sauran ukun kuwa sam ba tasu ba ce. Fura kurɓa ake yi, ƙuli-ƙuli sai an sa haƙori, magani kuma da awo ake shan sa. Kowane allazi da nasa amanu.

Mantuwa kuma gadon kowa ce. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa: ya riƙa haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana, yana auna abin da ya rage masa bayan sa'a, bayan kwana, bayan wata. Ya tarar mafi yawan abin da zai zube tun a sa'o'in farko yake zubewa, sai fa in an koma an yi bita. Malamanmu na allo ba su jira shi ya faɗa ba. Ba a wanke allo sai yaro ya biya wa malam, bayan an wanke ma ga tishi, ga tilawa da asuba. Ke kuwa alluna biyar kika wanke cikin kwana talatin, ko ɗaya ba ki biya wa kowa ba.

Na soyayyar

Ba zan raba ki da shi ba, kuma ba na cikin masu taɓe baki in an ambace shi. Irin waɗannan littattafai sun taso a Kano tun shekarun 1980, mata da yawa suka shiga rubuta su, suka riƙa shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa cikin kayan ƴan kasuwa. Da idona na ga ƴan matan da lakwal, wato makarantar boko, ta koya wa haruffa da Faransanci, ba ta taɓa nuna musu yadda ake rubuta harshen da suka sha a nono ba, sun koyi karatun Hausa a cikinsu, ba malami ba allo. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida, da aka fara a Damagaram a 1973, yara ƙalilan suka riska. Waɗannan ƴan littattafan sun shiga ɗakunan da makarantun ba su shiga ba.

Ya zauna miki ne don an gina shi ya zauna. Mutanen cikinsa kaɗan ne, sun yi kama da na gidanku da na maƙwabta, kuma kowane abu shi ke haifar da na gabansa. Na wayar ma ya fi, don marubuciyar shafi-shafi take sakinsa a WhatsApp, dole ta yanke kowane shafi daidai inda zai hana ki barci, don ki dawo gobe. Ban karanta wanda kika karanta ba, saboda haka ba zan yanke masa hukunci ba. Tambaya kawai zan bar miki, ki yi masa ita bayan "ya yi daɗi": wa aka ba gaskiya a ƙarshe, wadda ta haɗiye ko wadda ta yi magana? Talakan cikinsa ya fita da guminsa, ko sai da wani Alhaji ya ɓullo daga sama? A nan ake gane marubuciyar da ta kalli rayuwa da wadda ta kalli wasu littattafan kawai.

Waƙa ba ta ido ba ce

Cikin biyar ɗin nan, kundin waƙoƙin na fi tausaya wa. Rubutacciyar waƙar Hausa, tun daga zamanin Shehu Usmanu da ɗiyarsa Nana Asma'u har zuwa mawaƙan bayan samun ƴancin kai, don a rera ta aka tsara ta. Tana da kari, wato ma'aunin da ke jera gaɓa mai nauyi da marar nauyi, yawancinsa daga arulin Larabawa aka aro shi. Tana da amsa-amo a ƙarshen baiti. Tana zuwa ƙwar biyu, ko ƙwar huɗu, ko ƙwar biyar. To, rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. Ki rubuta "gari" a kaye, wato littafin rubutu, ki duba: Maraɗi ake nufi ko na tuwo? Ido ba zai raba miki su ba, sai baki, don a na tuwon ana jan "ga", a ɗayan ba a ja. Karin waƙa kuwa kacokan a kan wannan ja da rashin jan yake tsaye. Ajami ya fi boko adalci a nan, don shi yana sa alamar ja. Wanda ya karanta waƙa a boko bakinsa a rufe, ya zubar da romo ya riƙe ƙashi, barci kuwa dole ya zo.

Akwai wani yaro ɗan kwalej da ya ari kundin waƙoƙi ranar Litinin, ya maido shi ranar Talata, ya ajiye a tebur ya ce, "Mushe, babu komai a ciki." Na ce ya ɗauko ya biyo ni. Muka fita gindin bedin da ke bakin ƙofa, inda tsohon mai gadinmu yake zaune yana tufkar igiya, ƙarshenta ɗaure a babban yatsan ƙafarsa. Na ce wa yaron ya karanta baitin farko da ƙarfi. Ya karanta kamar mai karanta sanarwar mutuwa a rediyo. Tsohon bai ko ɗago kai ba, sai ya ce, "Ba haka take ba, ɗana." Ya ɗauki baitin ya rera shi da muryar da ya ji makafi suna yi a kasuwa tun yana ƙarami, ya zarce zuwa na biyu da na uku, waɗanda yaron bai kai ba tukuna. Mutumin nan ko harafi ɗaya na boko bai sani ba. Hannunsa bai bar tufka ba, yaron kuwa yana bin layi da yatsa, baki a sake, yana ganin kalmomin da ya ce babu komai a cikinsu suna tashi daga takarda. Littafin nan wata biyu ya yi a hannunsa, sai da na aika a karɓo.

Saboda haka ki koma masa, amma baiti biyar ko goma a rana sun isa, da murya, bayan la'asar in gida ya yi tsit. In karin ya ƙi miki, ki kai wa wata tsohuwa ko wani gardi, sau da yawa za ki tarar sun san muryar ko da ba su san mai waƙar ba. Kundin waƙa ba a cewa an gama shi a wata. Ajiye shi ake yi kusa, kamar tulu, ana komawa.

Sarauniyar Lugu da sarakunan da suka tsere

Waɗannan biyun da a tabarma ɗaya kika shimfiɗa su, don kowane yana riƙe da abin da ɗayan ya rasa.

Abdoulaye Mamani ya fitar da Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Ƙashin bayan labarin gaskiya ne. A 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan daga yamma, ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. A watan Afrilu ta yi karo da mutanen Lugu da Sarauniyarsu, can ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi. A watan Mayu Birnin Ƙonni ya ga abin da baki ba ya iya faɗa. Ƙarshensu kuwa a jiharmu ya zo. A watan Yuli, a Ɗankori, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su duka biyun. Kaburburansu suna Maijirgi, kusa da Tasawa. Sau nawa kika wuce ta wurin a mota in za ki Damagaram?

Wannan duk ya faru. Amma abin da ya fi burge ki, wato maganar da Sarauniya ta yi wa mayaƙanta, da abin da ta raya a zuci cikin dare, da yadda aka rene ta, wannan aikin marubuci ne. Takardun sojojin Faransa layuka kaɗan suka ba ta. Mutanen Lugu suna da nasu bakin, sarautar ma tana nan a garin har gobe. Mamani ɗan gwagwarmaya ne, ɗan jam'iyyar Sawaba da ya sha gudun hijira ya sha kurkuku, kuma a ganina ya so ya ba ƴan Nijar wadda za su ɗaga kai da ita. Ya yi nasara, ga shi ke ma kin ɗaga. Ba ƙarya ya yi miki ba, ƙagaggen labari ya gina a kan ginshiƙin gaskiya, kuma ina jin daɗin ya kama ki. Gyara ɗaya zan yi wa maganarki. A maimakon "ashe haka tarihinmu yake", ki ce "ashe haka Mamani ya ga tarihinmu", sannan ki nemi wa kuma ya gani, me shi ya ce.

Wannan tambayar ita za ki ɗauka ki shiga ɗan littafin tarihin da ita. Duk littafin tarihi bakin wani ne. Malaman Sakkwato sun rubuta yaƙe-yaƙen nan a matsayin masu nasara, suna kiran kakanninmu da sunayen da ba mu so. Maroƙan fadar nan suna yi wa Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore kirari a kan hare-haren da mutanen ƙasar Katsina da Kano suke tunawa da baƙin ciki. Bafaranshen da ya zauna ya tattara jerin sarakuna kuwa, yana so ne ya san hannun da zai karɓi haraji daga gare shi. In kin san bakin da ke magana, littafin ya tashi daga jerin sunaye ya koma gardama, gardama kuwa tana zama a kai.

Sunayen sun tsere miki ne don ba ki rataye su a ko'ina ba. Ki rataye su a wuraren da ƙafarki ta taka. Wajajen 1807 Katsina ta faɗa hannun masu jihadi, tsohon gidan sarautar ya fita. Ɗan Kasawa ne ya zo ya kafu a Maraɗi wajajen 1819, shi ya sa har yau sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa. Yaran da yawa suna jin sunan kullum ba su taɓa tambayar dalili ba. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rinjaye, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda duk suka kwanta a fagen. Bayan wannan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri, nan bakin hancinmu. A 1945 Gulbi ya cika ya ci tsohon garin da ke ƙasa cikin fadama, aka hau da mutane tudu, shi ya sa titunan sabon garin suka miƙe kamar an ja su da zare. Kin ga shekaru huɗu kawai na ba ki, amma kowace tana da wurin da za ki je ki tsaya. Ki zana ƴar taswira a kaye da bik, wato biro: Katsina, Maraɗi, Tsibiri, Tasawa, Sakkwato, da layin Gulbi. Duk sarkin da littafin ya ambata, ki rubuta shi a inda ya zauna ko inda ya faɗi. Waɗanda ba su samu wuri ba ki bar su su tafi, ba jarrabawa za ki rubuta ba.

Ahalari

Nan iyakata take, ɗiyata, ni ba malamin fiƙihu ba ne, kuma ba zan yi miki fatawa ba. Abin da zan iya faɗa a matsayin wanda ya zauna da littattafai shi ne, wannan ba littafin karatu a kaɗaice ba ne. Abdurrahman al-Ahalari, malamin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 16, ya taƙaita shi ne da gangan don ɗalibi ya haddace, malami ya warware. Ki tuna yadda ake ɗaukarsa a zaure: ɗalibi ya karanta ƴan kalmomi, malam ya fassara, ya kawo misali, ɗalibi ya ce na'am, a tashi a layi biyu ko uku, sai gobe. Fassarar Hausa ta sauƙaƙa kalmomin, amma ba ta sa malamin a cikin littafin ba. Tushen ƙabli da ba'adi a mazhabarmu ta Malikiyya gajere ne: ragi ƙabli, ƙari ba'adi, in sun haɗu ƙabli ya rinjaya. Rassansa ne suke da yawa, kuma suna kama da juna kamar ƴan tagwaye; wanda ya haɗiye su a kwana uku dole su cakuɗe masa. Ki ɗauki babin rafkannuwa kaɗai ki kai wa malamar Islamiyyarku, ki je da ainihin abin da ya taɓa faruwa da ke a salla, ki tambaye ta a kansa.

Wata mai zuwa

Kada ki tsaya ga iri ɗaya. Na ga yaran da suka yi haka, wanda ya tsaya ga labarai ya zama ba ya iya jure shafi biyu na abin da babu "sai me ya faru" a ciki, wanda ya tsaya ga littattafan darasi kuma yana gama makaranta ya rufe littafi har abada. Amma ki bar jera su biyar ɗaya bayan ɗaya kamar buhuna a kan amalanke. Ki riƙe biyu a lokaci guda, ɗaya mai gudu na dare, ɗaya mai tafiyar hawainiya na safe ko na la'asar. In hali ya yi, ki zaɓe su yadda za su yi wa juna magana, kamar yadda Sarraounia da na tarihin nan za su yi.

Ki ware kaye guda. Ranar da kika rufe littafi kada ki rubuta taƙaitawa, wannan aikin lakwal ne kuma ba ya zama. Abu uku nake sa yarana su rubuta: wuri ɗaya da suke iya gani in sun rufe ido, abu ɗaya da ba su yarda da marubucin a kansa ba, da mutumin da za su ba littafin da dalilin zaɓensa. Sannan ki bar rabin shafin fili. Bayan sati biyu ki dawo ki cike shi ba tare da kin buɗe littafin ba. Sau da yawa za ki ga wanda ya fi daɗi a ranar ya tsuke ya koma layi ɗaya, wanda ya gundure ki kuma ya bar miki wata magana tana yawo a kai. Ra'ayin ranar farko na daɗin baki ne, na sati biyun shi nake so ki riƙa aiko mini.

Kuma ki biya wa wani. Ba sai mai ilimi ba: innarki tana tsintar shinkafa, ƙanwarki kuna wanke-wanke, ƙawarki a kan hanyar jami'a. Duk inda kika yi tuntuɓe cikin ba da labarin, nan ne ba ki gane ba, sai ki koma shafin.

Wannan shawara daga ƴan makaranta na tsince ta, masu bakansi da lokaci a hannu. In karatu ya dawo, ko hidimar gida ta yi yawa, littafi ɗaya a wata ma ba abin rainawa ba ne, kuma na san masu cin biyar su riƙe biyar, don kai ba ɗaya ba ne. Ki gwada wata guda ki ga abin da ya karɓe ki.

In za ki fara daga gobe, ki ɗauko ɗan littafin tarihin nan ki karanta daga faɗuwar Katsina zuwa Gawakuke kaɗai, da taswirarki a gefe. In kina da kaka ko wata tsohuwa a dangi da ta tashi a Maraɗawa ko Bagalam, ki kai mata goro ki tambaye ta abin da aka ba ta labari game da shekarar da Gulbi ya ci gari: ina gidansu yake a da, me aka fitar, me ruwa ya tafi da shi. Ki rubuta yadda ta faɗa, da kalmominta, kada ki gyara mata Hausa. In kin gama ki aiko mini in karanta. Ki gaida mutanen gida.